Ranar da Damisa Ta Ɗauki Amarya

"Duk faɗin Greensboro, daga Turawanta har baƙinta, babu mai jin yaren inji kamar ni. Mota ta yi tari sau ɗaya a gabana, na san abin da ta sha jiya."

Rilwanu ke nan, ɗan'uwa. Injiniya Rilwanu, in kana son ku rabu lafiya. Takardar injiniyancin dai babu wanda ya taɓa gani. Abin da muka sani, yana tuƙa 'yar motar ɗaga kaya a wani sito da ke titin Wendover, kuma ya taɓa canja wa wani abokinmu Malam Sale batir ya haɗa wayoyin a juye. Amma mota kam yana da ita. Tsohuwar Ba'amurkiya ce ƙirar 1969, ja wur, ƙofa biyu, silinda takwas, yana kiranta Damisa. Wani dattijon Bature ne ya lallaɓa ta shekara ashirin da biyar kafin ta faɗo hannunsa. Lafiyarta lau, makulli ɗaya take tashi. Ka riƙe wannan maganar.

A shekarar 1996 Rilwanu ya aika neman auren Hafiza, 'yar Hajiya Umma ta unguwar Glenwood, wadda duk Bahaushen garin ke ci a tukunyarta yana tsoron bakinta. Tsakani da Allah yana son yarinyar, don ita kaɗai ake ambata bakin nan nasa ya mutu. Hajiya ta ce, "A bari a gama bikin yayarta Mubaraka. Ina kallon hankalinsa."

Nan take gogan ya roƙi a ba shi ɗaukar amarya zuwa gidan ango a Summerfield. Aka ba shi. Mai hankali da sai ya wanke mota ya fesa turare ya jira ranar. Shi kuwa Shugaban Masu Ɓarna sai ya buɗe mujallar 'yan tsere, ya ga wani abu wai shi tanel-ram. Dogon maƙogwaro ne na alminiyon da ake ɗora wa inji, da kafireto biyu zaune a ƙolinsa kamar tukwane kan murhu. Tsayinsa ya sa sai an huda bonet ya leƙo waje.

Maƙwabcinsa Gregory, bakanike na gaskiya, ya leƙo ta shinge ya ga kayan a shimfiɗe. Ya cire tabarau.

"Ril, wannan na filin tsere ne. Sai inji na kururuwa yake aiki. A cikin gari, a hankali, da sanyi, mutuwa za ta riƙa yi maka a kowace danja. Ga shi kafiretocin nan ba su da abin rage iska, in ta huce sai ka toshe bakin da hannu kafin ta tashi."

"Gregory," in ji Rilwanu, "ku kuka ƙera mota, mu muka san halinta. A Panteka na girma."

Gaskiya ne, a Panteka ta Kaduna ya girma. Baffansa na sayar da shayi a bakin ƙofa.

Da aka zo huda bonet, Gregory ya miƙo masa tef ɗin awo. Rilwanu ya ture.

"Inci-incinku ɗin nan ne ke rikita ku. Mu da ɗani muke awo."

Ya buɗe yatsu a kan inji, ɗani uku da yatsa biyu. Ya rufe bonet ya sake ɗani uku da yatsa biyu, sai dai ya manta daga ina ya fara. Zarto ya ci ƙarfe. Aka sauke bonet, ƙwam, ya zauna kan kafireto. Ya ƙara yanka ta hagu. Ƙwam. Ya ƙara ta dama. Kafin azahar ramin ya isa mutum ya zauna ciki ya miƙe ƙafa. Na ga Gregory ya juya baya kamar wanda ake yi wa 'yarsa aski da kwalba.

"Haka na so shi," in ji Injiniya. "Ta sha iska."

Ranar Asabar bayan la'asar, sanyin Nuwamba na tsinke kunne, motoci goma sha biyu suka jeru ƙofar Hajiya. Sai ga Damisa da ruri. Ya biyo da ita ta babbar hanya a guje, kuma a guje kam tana tafiya kamar aljana. Ya fito cikin farar babbar riga mai sitati, da hula zanna-bukar da aka aiko masa daga Maiduguri, wadda yake ajiyewa cikin gwangwanin biskit.

Hajiya Umma ta tsaya ta dubi abin da ya tsiro a gaban motar.

"Rilwanu, girki ake yi a nan?"

"Huhu na ƙara mata, Hajiya. Minti goma muna Summerfield."

"Minti goman uban wa? Sato ta muka yi? Amarya ba a gudu da ita. A hankali za ka tafi, gari ya gan ta, dangin miji su san ba ɗokin barin gidan uwarta take ba. Na ga allurar gudun nan ta wuce sha biyar, sai na sauke ka."

Amarya da Hafiza suka shiga baya, Hajiya ta zauna gaba, ni kuma ina biye a 'yar akwalata mai ƙofa ɗaure da igiya. Abin da aka yi a cikin Damisa, Hafiza ce ta ba mu labari daga baya.

A kwanar farko ta mutu. Ya buga totur, ya buga, ya murɗa makulli, ta tashi da warin fetur da ya kashe turaren wutar da aka kwana uku ana yi wa amarya. Mubaraka da ma tana kukan al'ada ne a cikin mayafi, irin wanda ake yi ana leƙen hanya. Yanzu sai hawayen gaske, har da tari.

"Allah sarki 'yar nan," in ji Hajiya, "haƙuri za ki yi, kowace mace da haka ta tafi."

"Mama, hayaƙi ne!"

A danja ta biyu ya yi dabara. Ya danne totur tana ihu don kar ta mutu, aka ba da hannu, ya saki. Damisa ta yi tsalle. Gwaggwaron Hajiya, wanda aka yi rabin awa ana ɗaurawa, ya bar kanta ya sauka cinyar amarya.

"Innalillahi! Kai, ɗan nan, kana ma ganin gabanka? Ni tun da muka taso tukwane nake kallo."

"Ina gani, Hajiya. Ta hagu."

A babbar danjar Wendover ta yi mutuwar da babu wasa. Motocinmu da ke ta hon na murna suka ci gaba, Turawan da ke baya suka taya mu, nasu ba na murna ba. Rilwanu ya fito gumi na karyo masa cikin sanyin nan. Ya dube ni, ya dubi tagar baya inda Hafiza take, kuma wallahi a lokacin na tausaya masa.

"Zo ka riƙe min makulli. Iska ce ta yi mata yawa."

Ashe ya tuna maganar Gregory. Sai dai Gregory hannu ya ce, shi kuwa Injiniya ba ya son ɓata hannun riga. Ya cire zanna-bukar ya kifa kan kafireton baya, cif kamar don shi aka ɗinka. Ya kara fuska kan na gaba, wai yana sauraron numfashinta.

"Ba ta wuta!"

Na gaida Hajiya, na murɗa.

Fetur ɗin da ya yi ta ɗura mata tun daga Glenwood ya amsa gaba ɗaya. Fam! Wuta ta fito ta tukwanen biyu. Hula ta tashi sama tana hayaƙi, ta juya sau biyu, ta sauka kan rufin bas ɗin gari, bas kuwa ta ci gaba da harkarta. Rilwanu ya ɗago. Gira babu, gashin baki saura rabi, gaban riga kamar gindin tukunya.

Haka aka kwaso amarya da Hajiya da Hafiza aka sa a akwalata. Ni na kwance igiya, ni na ɗaure, kuma lafiya lau muka isa a sha biyar ɗin Hajiya. Gregory ya zo da a-kori-kura ya ja Damisa.

Ka zaci mutumin zai ɓuya? Kafin a gama rabon abinci sai ga shi a Summerfield, kai babu hula. Ya ratsa mata ya durƙusa gaban Hajiya.

"Hajiya, ɗan gyara kaɗan ya rage mata. Maganar Hafiza kuma..."

"Rilwanu, motar nan da ka same ta, me ke damunta?"

"Babu komai, Hajiya."

"To. An ba ka abu lafiyarsa lau, ka huda masa kai ka ɗora masa tukwane. Hafiza ma babu abin da ke damunta, kuma haka nake son ta zauna."

Ta jawo jakar Hafiza, ta lalubo jagira, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Ungo, Injiniya, fara da wannan gyaran. Amma don girman Allah kar ka auna da ɗani."