Rasuwar Wayar Habu a Injin Bappa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har tana zuba ta gefe, Goggo Barira ta Nariya ke sanar da 'yan'uwa na Kibiya, Rano da Saji rasuwar wayar ɗanta Habu, wadda ta cika ranar Talata da hantsi. Ta shigo gidan shekarar zaɓe da tsaga ɗaya a fuska, ta fita a niƙe cikin garin tuwo.

Marigayiyar mai haƙuri ce. A cikinta akwai wasan jarumi da dodanni, kuma Habu, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ke jan jarumin. Dabararsa ɗaya ce: ya kwashe abin da ya tara ya sayi takobi mai walƙiya, ya tunkari dodo mafi girma, ba garkuwa ba magani. Marigayiyar kan ce “tuuu”, jarumi ya faɗi matacce. Ta taɓa faɗin haka sau tara tsakanin azahar da la'asar, ba ta ɗaga murya ba.

Allah ya sa a ɗakin Goggo sola take, nan Habu ke barin ta a caji in zai tafi gona. Goggo ba ta san baƙin rubutu ba, amma da ta soma taɓa wasan a bayan idonsa ta gane ja jini ne, rawaya zinariya ce. Da ɓeraye ta fara, don ramuwarsu ba zafi. Ta tsinci ganye a bakin rafi, ta ƙi sayarwa a ƙauyen farko, ta kai babban gari, yadda mai hankali ke yi da gyaɗa. Garkuwa ta fara saya, sai tulun magani uku. Dodo kuwa, ƙyale shi take ya kawo sara, ta goce, ta ba shi biyu a haƙarƙari, ta ja baya. Wadda ta zauna da uban Habu shekara arba'in ba sai an koya mata wannan ba. Marigayiyar ta koma cewa “ƙilin-ƙilin” har kaji suka saba.

Habu ya ga zinariya na taruwa, ya ɗauka baiwarsa ce. Har ya tambayi Malam Shitu ko zinariyar waya tana da zakka. Malam ya ce ya fara fitar da ta dawa.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Saura yaƙi ɗaya, na Sarkin Dodanni, wanda Goggo ta yi wata uku tana wa tanadi, sai Habu ya shinshino daddawa a fuskar wayar, ya gane hannun uwarsa ne. Kunya ta kama shi, ya cusa ta cikin ƙaramin buhun dawa don kada uwarsa ta gani. Bai gaya wa matarsa Jumai ba. Jumai ta ɗauki buhun ta kai injin niƙa na Bappa. Maganar marigayiyar ta ƙarshe, in ji Bappa, “ƙarrr” ce.

Ta rasu ta bar caja guda, rabin murfi, da jarumi maraya, wanda mai gyara a Rano ya ce yana nan da ransa, sabon gida kawai yake jira.

Za a binne abin da rariya ta tare a gindin zogale bayan la'asar; sauran an ba awaki. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin Goggo. Kada a kawo goro. Mai niyyar taimako ya kawo waya mai faɗin fuska, don idon tsufa, ya damƙa a hannun Goggo, ba a hannun kowa ba. Habu yana iya zuwa kallo, in ya taso daga gona.