Irin Dankalin da Na Raba a Badarawa

Zamanin Turawa, ina ɗinki a Badarawa, wani direba ya kawo min dankalin Turawa daga Jos. Na shuka a bayan gida, ya yi ganye shar. Da yake dankalin Hausa reshensa ake dasawa, sai na yanke rassan kaf na raba wa maƙwabta. Malam Isa har kuɓewarsa ya tuge don ya samu wuri.

Matata ta ce, "Malam, ka tambayi direban kuwa?"

Na ce, "Ni za a koya wa dankali?"

Kwana huɗu nasu ya bushe ƙamas. Nawa da na aske, da na haƙa, 'ya'yan ba su fi gujiya ba.

Har Malam Isa ya rasu, kowace damina sai ya leƙo shagona: "Sarkin Noma, an fara rabon iri?" Yanzu jikokinsa ke tambaya.