Ranar da Kaka Madu Ya Cire wa Gimbiya Murfin But

"Wushe da aiki, angona! Wannan goge-goge tun asuba, ka samu mai sayen tsohon ƙarfe ne?"

Muhsinat ke nan, 'yar yayana marigayi Tahir, ta fito ƙofar gidanmu a Bulabulin fes cikin fararen kayan jinya. Ƙarfe goma za a rantsar da ita da 'yan ajinsu a makarantar koyon jinya. Kakanta, wato babanmu Alhaji Madu, dillalin banda a Baga Road, ya duƙufa kan tsohuwar motarsa ta alfarma da yake kira Gimbiya. Tun Muhsinat tana firamare ya rantse a cikinta zai kai ta ranar da ta gama karatu. Matsalar ita ce shekara uku but ɗin motar ya ƙi buɗuwa, kuma a Maiduguri ta lokacin, motar da ba ta buɗe but a shingen sojoji, mai ita ya shiga uku. Shinge biyar ne tsakaninmu da makarantar. Ni kam tsoron tafiyar nake, amma wa ya isa ya shiga tsakanin jika da kaka?

"Kalewa, mummunar amarya," in ji Baba, yana amsa gaisuwar. "Ƙarfe? Wannan motar ta girmi uwarki, ta kuma fi ta kyau."

"Ta girmi Tafkin Chadi ma. Ni dai Keke Napep zan hau."

"Keke! Matata a Keke? Kafin ki kai an girgije miki karatun duka ya zube a hanya."

"Gara ya zube da in kwana a shinge. Gilashinta sauka yake?"

"Na baya na hagu yana sauka."

"Ya hau kuma?"

"Ke wa ya tambaye ki hawa? Soja sauka yake cewa."

"Lagireto fa? Ranar Sallah mun tashi da jarka uku, kafin mu kai masallacin Idi ta shanye, ta tafasa, har wani ya miƙo kofi yana neman shayi."

"Ƙarya kike, ɗiyar nan! Jarka biyu ne."

"To fetur?"

"Babba ce, ci take irin na manya. Ke da kike cinye min rabin kwalin banda a zama ɗaya, na taɓa kai ki ƙara?"

"Ni ai ina gaishe ka bayan na ci. Ita fa? Gyaran giyarta ya cinye kuɗin kwali huɗu. Salansa kwali biyu. Ɗan fanfon man nan da bai kai tafin hannuna ba, sai da aka aika Kano, Kano suka aika Legas, ya zo bayan wata biyu, kuma ba nata ba ne!"

"Laifin hanya ne."

"Baƙin mai fa da take tsiyayarwa? Duk inda ka tsaya sai ta sa hannu. Ko ɓata ka yi ba sai an yi cigiya ba."

Baba ya miƙe, ya dafa ƙugu. "Da Alfred yana gari da ba ki faɗi haka ba. Wannan bakanike kunne kawai yake sa mata, ya gaya maka abin da ke damunta."

"Alfred ya koma garin Biyu. Mutane suna cewa rikici ya kore shi. Ni na san Gimbiya ya guje wa."

Na ƙunshe dariya da mayafi. Muhsinat ta duba rana, sai na ga wasan ya ɗan sauka daga fuskarta.

"Kaka, tsakani da Allah, in aka kira sunana ba na nan, sai baɗi. But ɗin nan ba zai buɗu ba. Ka bar ni in nemi Keke."

"Zagayo baya."

"In ga me?"

"Ke dai zagayo, sarkin surutu."

Ya kama tsohon zanen da ya lulluɓe bayan motar ya fizge. Ni da ita muka yi salati tare. Babu murfin but. An cire shi ɗungurungum, ga shi can jingine a bayan ƙofar zaure. Mutumin da ko kaza ta hau motar nan sai ya bi ta da sanda!

"Jiya Ajimi mai walda ya zo," in ji shi, yana washe baki. "Na ce fasa makullin. Ya fasa, murfin ya ƙi tsayawa. Na ce cire shi gaba ɗaya. Yau soja ba sai ya ce buɗe ba, tun daga nesa zai hango har hanjinta!"

"Ka tuɓe wa Gimbiya zane a tsakiyar gari? Saboda ni?"

"Saboda ke? Ji ta! Zafi take ji."

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar leda da ta sha ƙura. Muryarsa ta canza.

"Wannan a ciki na same shi. Ranar da sunanki ya fito a makarantar, ubanki ya sayo ya jefa a but, washegari makullin ya maƙale. Ya ce sai Alfred ya samu lokaci. Sati biyu bayan nan aka harbe shi a hanyar kasuwa."

Agogo ne, irin wanda ma'aikatan jinya ke maƙalawa a ƙirji. Ni dai na juya baya na yi kukana, don ba zan iya ba. Muhsinat ta karɓi agogon. Ta maƙala shi a riga, ta kara kunne, ta share ido da bayan hannu.

"Kaka."

"Na'am."

"Ba ya tafiya."

"Shekara uku a ɗaki ɗaya da taya, ke za ki tafi?"

"A'a, halin Gimbiya ya koya. Komai ya raɓe ka sai ya tsaya!"

Baba ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta karkace. "Na ji, kin ci! Tarkace ce, na yarda. Yanzu shiga mu tafi."

Ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Ƙyas. Ya sake. Ƙyas. Ya buɗe ƙofa, tunda gilashinsa ba ya sauka, ya leƙo a hankali.

"Amarya... batir."

"Gwaggo Kaltum, riƙe min takalmi," in ji ta.

Muka dafa bayan motar, ita da fararen kaya, ni da hawaye. A turi na uku Gimbiya ta yi tari, ta yi aman hayaƙi, ta ɗauka da ruri har 'yan layi suka fito suna tafi. Muhsinat ta faɗa gidan gaba, hannunta ɗaya dafe da agogon.

"Taka ta, tsoho! Kar ka kashe ko a shinge. Ni da Babana muna sauri."