Tsaunin Bayan Katanga

Duk faɗin Gure babu wanda ya kai ni sanin shara. Wata uku na yi ina haɗa manhajar da za ta share garin nan tas: ka ɗauki hoton juji da salula, ka aika, masu amalanken magajin gari su zo su kwashe. Na rantse cewa kafin damina ko ƙuda sai ya yi ƙaura zuwa garin Kelle.

Ranar gwaji babu wanda ya aiko da hoto. Ban karaya ba. Na hau moto na zaga gari da kaina, har na ci karo da wani tsauni na kashin awaki da toka a bayan wata katanga. Na ɗauka, na aika, na sa masa jar alamar gaggawa. Kafin la'asar wurin ya zama fili.

Ina shiga gida matata ta tare ni. "Baban Hadiza, wai kai ka kwashe wa Baba takin da ya shekara yana tara wa gonar geronsa?"

Ashe katangar surukina ce. Ni ta ƙofar gaba kawai na san gidan.

Kwana biyu na yi ina dawo da takin buhu-buhu, tsohon yana kan tabarma yana jan carbi.

Har yau in na je gaisuwa, sai ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa, "Hajiya, shiga da awakin ɗaki. Mai shara ya iso, kuma da salularsa a hannu."