Yadda Za Ka Ɓoye wa Surukinka Cewa Ka Karya Ƙusar Garmarsa

Surukinka ya ara maka tarakta da garmar da ya ƙera da hannunsa, wani abu kuma ya karye a hannunka? Share zufarka. Matakai shida ne, na gwada su da kaina, kuma na ba ka tabbacin duk wanda ya bi su sai ya ga aiki.

1. San abin da ka taɓa

Garmar nan ba ta da kamfani, ba ta da lamba, ba ta da 'yar'uwa a kasuwa. Gangar jikinta ƙarfen tsohuwar babbar mota ne, wani gefen kuma ƙafar gadon da aka haifi matarka a kai. Shekara bakwai da aurenku kafin Baba ya yarda ka taɓa ta, don a wurinsa kai ɗan ofis ne mai laushin hannu. Da zai miƙa maka makulli cewa ya yi, "Yadda ka ɗauke ta, haka nake son ganinta." Ga shi layi uku kacal ka yi, bakin garma ya ci karo da saiwa, ka ji ƙas, ƙusar da ke riƙe bakin ta rabu biyu.

2. Kada ka kira shi

Matarka za ta ce, "Ka buga wa Baba waya mana, minti biyu ne." Yi mata kallon injiniya, ka ce harkar ƙarfe ce. Gaskiya abu ce mai kyau, amma ba a faɗa wa suruki ita da rana tsaka.

3. Nemi mai injin fiƙe ƙarfe, amma na nesa

Na kusa abokin Baba ne, tare suke shan shayi. Wuce shi, ka tafi can bayan tasha, shagon da ƙasarsa ke cike da murɗaɗɗen ɓarɓashin ƙarfe da baƙin mai. Mai injin zai haɗa gutsattsarin biyu, ya auna, ya ɗan goga magagari a jiki, ya ɗago kai.

"Malam, wannan ai ƙarfe ne mai laushi. Anya wanda ya sa ta ba da wata manufa..."

Katse shi nan take. Ba shawara ka zo saye ba. Ka ce, "Yi min wadda ko jikokina ba za su iya karyawa ba." Zai ɗaga kafaɗa, ya jawo guntun ƙarfen da ke juya tayar tirela, ya ɗaure a inji. Tsaya kansa kana gyaɗa kai kamar ka san abin da ake yi.

4. Tsufar da ita

Sabuwar ƙusa tana ƙyalli, ƙyalli kuma tonon asiri ne. Shafa mata baƙin mai, ka birkiɗa ta a ƙasa, ka ɗan ƙwanƙwasa kanta da guduma.

5. Koma ka gwada ta a kan saiwar nan

E, ita dai. Dole ta san wa ta taɓa. Taka mai sosai. Wannan karon za ka ji ƙara mai tsawo, tarakta ta yi tsalle ta mutu. Sauko ka duba: walda ta yage, gangar jikin garma ta tsage gida biyu, hannun tarakta ya murɗe, ƙafar gadon tana can cikin ciyawa. Ƙusarka kuwa ko ƙwarzane babu. Ka cancanci yabo.

6. Yanzu kira shi

Baba zai zo a kan babur, ya zagaya garmar sau biyu. Sannan ya ɗaga kujerar taraktar da ka wuni a kai, ya fito da gwangwanin madara cike da ƙusoshi irin wadda ka karya, sun fi ashirin.

"Da gangan nake yin su da laushi, ɗana. In garma ta haɗu da abin da ya fi ƙarfinta, ƙusa ce take karyewa ta ceci sauran. Ni kaina duk mako sai na karya biyu."

Zai zare taka, ya jinjina ta a tafin hannu, ya ce, "Amma fa aiki ya yi kyau." Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, da fushin matarka, da gonar da ba a gama nomewa ba, da dariyar masu shayi, babu hannuna a ciki. Mai ƙorafi kada ya neme ni ranar Asabar, ina gidan Baba ina riƙe masa ƙarfe yana walda, mako na biyar ke nan. Wancan makon ya bar ni na ɗaure noti ɗaya da kaina, sannan ya bi bayana da sifana ya sake ɗaurewa.