Muryata a Motar Hajiya Darakta

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba, ranar da na zauna a kujerar gaba ta motar ofis ina jin muryata tana zagin sa'an mahaifina, bakina kuwa a rufe yake gam.

Ni ma'aikaci ne a sashen kwamfuta na wata hukumar gwamnati a nan Abuja, wadda ke kula da rijiyoyin burtsatse na ƙauyukan da ke kewaye da birni. (Kada ka ji na ce sashen kwamfuta ka zaci wani babban abu ne. Mu uku ne, kuma rabin aikinmu zaro takardar da ta maƙale a firinta.) An kawo mana sababbin motoci, kowace da allo a gaban direba, irin wanda in ka jona wayarka taswira za ta fito a kai, ta riƙa nuna maka hanya tana magana. Amma direbobinmu ba sa kunna shi. Muryar da ke ciki ta Baturiya ce, tana magana ta hanci, ga shi ƙauyukan da muke zuwa yawancinsu ba sa kan taswirar. Sai ma'aikata su fita duba rijiya tun safe, su dawo da yamma su ce ba su gane garin ba.

Wata rana a mitin aka kawo maganar, ni kuma bakina ya ja mini. Na ɗaga hannu na ce zan iya haɗa manhajar da za ta yi magana da Hausa, in kuma saka mata hanyoyin ƙauyukanmu. Aka yi mini tafi. Ban san cewa tafin nan shi ne kaɗai abin da zan samu ba har fiye da shekara.

A Mararaba nake zaune. Duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi. Ka fito bayan sallar Asuba, ka shiga gosulo tun daga gada, ka ja jiki zuwa Nyanya kamar mai ciwon baya, ka isa ofis ka riga ka gaji da ranar. Da yamma a maimaita. To a cikin wannan gosulon nake gwada manhajar tawa, a wani ƙaramin allo da na sa aka ɗaura wa tsohuwar motata. Kuma da yake kafin a samu murya ta gaske dole a saka ta wucin gadi, sai na riƙa ɗaukar tawa. Da farko cikin ladabi nake yi: "Juya dama." "Miƙe sambal." Amma mutumin da ya yi awa biyu a bayan tankar mai, ladabinsa raguwa yake yi. Da na zo kan abin da manhajar za ta faɗa in direba ya saki hanya, sai na fara sauke mata abin da ke cikina. Na yi jimla huɗu, kowace ta fi ta bayanta zafi, na jera su yadda in ka ci gaba da ƙin bin hanya za su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da kaina nake yi, ni kaɗai ke ji, kuma wallahi yana ɗan rage mini gajiya.

Daga baya ƙanwar matata, malamar firamare ce mai murya tar, ta zo ta karanta mini jimlolin gaske. "Don Allah a juya hagu." "An saki hanya, ana neman wata." Na ɗora wannan a wayar ofis. Tawa wayar kuwa na bar ta da tsohon kayanta, na ce zan goge in na samu sarari. Sararin bai zo ba.

Ranar gwaji, Hajiya Darakta da kanta ta ce za ta bi mu. Mace ce marar yawan magana, ta kusa ritaya, in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi tun bara. A hannunta abin yake: ko ta sa hannu a saka manhajar a dukkan motoci, ko fayil ɗin ya shiga durowa, wahalata ta bi shi. Direbanta kuwa Baba Danjuma ne, mutumin Ushafa, dattijo mai furfura wanda ya fara tuƙi a garin nan tun yawancin titunansa suna jar ƙasa. Za mu je wata rijiya ce a wani ƙauye da ke bayan Orozo.

Muka shiga mota, ni a gaba, Hajiya a baya. Na jona wayar ofis. Allo ya yi baƙi. Na zare na mayar. Baƙi. Na hura bakin kebul ɗin kamar mai hura wuta, na sake jonawa. Ko motsi.

"Injiniya," in ji Hajiya (ni ba injiniya ba ne, in ta kira ni haka na san haƙurinta ya fara ƙarewa), "ina da mitin ƙarfe biyu."

Ban tsaya tunani ba na zaro tawa na jona. Nan take taswira ta haske allo, shuɗin layi ya miƙe. Na yi ajiyar zuciya. Baba ya ja mota.

Sai da muka zo kwanar farko na gane abin da na aikata. Maimakon muryar malama, wata murya a shaƙe, ta mai fama da mura, ta fito daga lasifikokin mota: "Juya dama."

"Wannan ba muryarka ba ce?" Hajiya ta tambaya.

"Ita ce, ranki ya daɗe. Ta gwaji ce kawai."

"To."

Na yi lissafi da sauri. In na zare wayar yanzu, gwaji ya mutu, kuma ba lallai in sake samun Hajiya a mota ba. In na bar ta, ba abin da zai faru muddin Baba bai saki shuɗin layin nan ba. Shi ke nan ai, na ce a raina. Aikina guda ne yau: in tabbatar dattijon nan ya bi layi ko da cikin rijiyar zai kai mu.

Har Orozo lafiya lau. Mun wuce Karu, mun wuce Jikwoyi, Baba yana tuƙinsa, ba ya ko kallon allon, amma da yake hanya ɗaya ce, shi da manhajar ba su saɓa ba. Har Hajiya ta ce, "Ba laifi." Na ji kamar an ɗaura mini rawani.

Da muka fita daga garin kaɗan, muryata ta ce, "Juya hagu." Baba ya rage gudu, ya dubi burjin da ke hagun, ya girgiza kai.

"Oga Kwamfuta, wannan hanya ba shi da kyau. Ruwa ya cinye kwalbati tun farkon damina. Sai dai mu zagaya ta wajen Karshi."

Zagayawa! Wato sakin layi. Gumi ya keto mini duk da sanyin mota.

"Haba Baba," na ce, har da 'yar dariya, "ai abin nan daga sama yake gani. Tauraron ɗan'adam ne. In da hanyar ta lalace da ya sani." (Ƙarya nake yi. Ni na zana hanyar nan da hannuna, a rani, daga bayanin wani ɗan acaɓa.)

Baba ya dube ni. Ya dubi Hajiya ta madubi.

"Bi abin, Danjuma," in ji Hajiya. "Shi muka zo gwadawa."

Muka shiga. Burjin ya yi ta tsukewa, masara ta rufe mu hagu da dama, ganyenta yana shafar gilashi. Mota tana tangal-tangal a cikin taɓo, Hajiya ta riƙe jakarta da hannu biyu. Muna gangarawa wani kwari sai hanya ta ƙare. Ƙarewa ta gaske. Ga rafi ja wur yana gudu, ga guntun siminti a tsakiyarsa inda kwalbatin yake a da. A allo kuwa shuɗin layi ya haye ruwan abinsa, muryata ta ce cikin natsuwa, "Miƙe sambal."

Baba ya ja burki ya ɗora hannuwa a kan sitiyari. "To Oga, in miƙe?"

Na kai hannu zan zare kebul, ina cewa bari in ɗan duba wani abu.

"Bar shi," in ji Hajiya. "Yanzu ne ma gwajin ya fara. Ina so in ga ko zai nemo mana wata hanyar."

Na janye hannuna. Baba ya yi ta baya-baya har ya samu wurin juyawa, muka fito titi, ya nufi Karshi. Na rufe ido na fara salati a zuci.

"Malam, ina kuma za ka?"

Muryata ce daga lasifika, jimlar nan ta farko cikin huɗun ke nan. Baba ya waiga ya dube ni, ya ga bakina a rufe, ya dubi allo. Na yi murmushin da ni kaina na san bai yi kyau ba. Muka ƙara gaba.

"Kai, kanka ɗaya kuwa? Ana ce maka hagu kana yin dama?"

Na ji Hajiya ta gyara zama. Na ce, "Ranki ya daɗe, a bari in..." Ta ce, "Na ce ka bar shi."

"Da girmanka da komai, hanya ma ba ka sani ba. Kai dai an yi asarar kuɗin makaranta."

Ban iya kallon Baba ba. Ina dai ganin hannunsa a kan sitiyari, jijiyoyin sun tashi. Mutumin da ya haifi kamata, a gaban ogarsa, kuma shi ne mai gaskiya. Na so ƙasa ta tsage. Amma na san saura ɗaya, kuma na san abin da ke cikinta. Sai na fara tari da ƙarfi don in danne ta. Lasifikar motar gwamnati ba ta jin tari. Muryata ta fito, har da hamma a farkonta:

"Ci gaba da yawo. Shi ya sa shekara shida ba a ƙara maka girma ba. Ka makara, Hajiya Ba-Yau-Ba ta rufe rajista, sai ka je ka yi mata bayani."

Nan ya kamata in gaya maka cewa duk takardar da aka kai wa Hajiya Darakta, amsarta ta farko ita ce "ba yau ba". Sunan ya daɗe yana yawo a ofis, ƙasa-ƙasa. Ba ni na raɗa shi ba. Amma ni ne na farko da na faɗa mata shi ta lasifika huɗu.

Hajiya ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Injiniya."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"Wace ce Hajiya Ba-Yau-Ba?"

Ka san akwai lokacin da shiru ya fi komai amfani. Ban yi shirun ba. "Wata ce a unguwarmu, a Mararaba."

"Allah Sarki. Ita ma ƙarfe takwas take rufe rajistar zuwa aiki?"

Baba Danjuma ne ya fara. Kafaɗunsa suka soma rawa, sai ya gangara gefen titi ya tsayar da mota, ya kifa kai a sitiyari yana dariya har da hawaye. "Hajiya, tunda nake tuƙi, soja ya zage ni, ɗan sanda ya zage ni, amma mota bai taɓa zagina ba sai yau." Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ce, "Yanzu kana iya zarewa."

Baba ya kai mu rijiyar ta hanyarsa, bai tambayi kowa ba. Muka duba, muka juyo. Hajiya ta rasa mitin ɗinta. Daga can har ofis ina rungume da wayar a cinya kamar an ba ni riƙon kazar da ta mutu.

Da muka sauka na bari Hajiya ta shige, na zagaya wajen Baba na durƙusa a nan wurin ajiye motoci, na ce ya yafe mini, wallahi da kaina nake, ba da shi ba.

"Na sani," ya ce. "Zagin bai dame ni ba. Ni ma ina zagin kaina in na faɗa rami. Abin da ya yi mini zafi, na gaya maka ruwa ya cinye hanya, ka ce tauraro ya fi ni sani. Tashi, kana ɓata wando."

Na kwana uku ina jiran takardar tuhuma. A rana ta huɗu fayil ɗina ya dawo, da layi biyu na jan biro. Ba a amince ba, ba a kuma soke ba. An ce daga yau duk fitar da Danjuma zai yi ƙauye, jami'in, wato ni, ya bi shi, ya gyara taswirar bisa abin da Danjuma ya faɗa, har sai an gama ƙauyukan duka. A ƙasa ta ƙara: "A goge muryar."

Wata na takwas ke nan ina bin Baba da littafi a hannu. Shi ke faɗa, ni ke rubutawa: wannan hanyar ta rani ce, waccan ranar kasuwa ba ta biyuwa, nan in an yi ruwa sai a jira kwana biyu. Ƙafafuna sun saba da taɓo, bayana ya saba da ciwo, kuma ba mu ci rabin ƙauyukan ba. Manhajar dai ta fi da kyau nesa ba kusa ba, wannan ba zan musa ba, ko da yake kusan duk abin kirkin da ke cikinta ba daga kaina ya fito ba.

Abin da na koya bai da yawa. Na'ura ba ta san wasa ba, ba ta san babba ba, ba ta kuma san wanda ke zaune a kujerar baya ba. Duk abin da ka ba ta ajiya za ta mayar maka a gaban jama'a, da muryarka. Ban daina gunaguni ba, kada in yi maka ƙarya. Sai dai yanzu in abin ya taso mini, nakan kashe wayar tukuna, in tura ta can ƙarƙashin kujera, in leƙa hagu in leƙa dama, sannan in faɗi abin da ke raina a hankali.