Rasuwar Famfon Giyar Bartholomew na Aston

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙurin da ya zama dole, iyalan Bartholomew Dogo na Aston, Birmingham, ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar famfon giyarsu, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi a ɗakin katakon da ke tsakar gida, bayan doguwar jinya.

Marigayin ya shigo gidan ne a shekarar da aka rufe gidan kula da tsofaffin da Bartholomew ke aiki. Tsohon firji ne da wata mashaya da ta durƙushe ta yar. Bartholomew, da ya rasa inda zai nufa in gari ya waye, ya huda ƙofarsa, ya haɗa masa ganga da tiyo da tukunyar gas. Tun daga nan 'yan Zonkwa da Kafanchan suka samu wurin zama duk Asabar. Ɗaya daga cikinsu, Ashafa, har daga Manchester yake hawo bas. A nan ake jin inda ake ɗaukar masu gadi, a nan ake yi wa wanda takardunsa suka maƙale addu'a.

Marigayin ba mai hayaniya ba ne. In an ja hannunsa sai ya ce "tsss", ya cika tambulan, ya ɗora mata farar hular kumfa daidai kaurin yatsa. Bai taɓa tambayar kowa ko ya samu aiki ba.

Ciwon ya fara ne lokacin zafi. Tambulan ta farko ta fito kumfa zalla, aka ce gajiya ce. Sai ta biyu ma haka. Bartholomew ya rage ƙarfin gas. Ya wanke tiyo da ruwan ɗumi, ya sauya shi da mai tsayi, ya canza robar bakin ganga, ya bar gangar ta huta kafin a ja. Duk da haka marigayin tari kawai yake, "fut, fut", yana amayar da fari. Maƙwabcinsu Uba, wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba, da shayinsa yake zuwa hira, shi ya zura hannu cikin firjin ya ji ɗumi. Injin sanyin ne ke mutuwa a hankali, giya kuwa in ta yi ɗumi ba ta riƙe gas. Bartholomew ya daɗe da sanin haka, bai dai so a faɗa ba.

Ya rasu ya bar ganga ɗaya da ba a kai rabinta ba, da tukunyar gas, da kujerun roba, da uwargida Margaret, wadda ta sha mita kan wutar da yake ci, amma ita ta fara lulluɓe shi da zanenta. Ba za a yi masa magaji ba. Yara sun girma sun tashi, gidan ya fi ƙarfin iyayen, flat ɗin da za su koma ƙarshen wata kuwa ɗan sashe ne can saman bene, ba shi da tsakar gida.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da safe a motar Uba, zuwa jujin council, wato ƙaramar hukuma, inda ake karɓar firji. Ba a buƙatar furanni. Za a zauna makoki da yamma a ɗakin katakon, zaman ƙarshe kafin a miƙa makulli. Bartholomew na roƙon kowa ya tafi gida da kujerar da ya saba zama a kai, don inda za su babu wurin ajiye ta.